Titin da Ya Ci Gandun Surukina

Ƙarshen damina ne, amma ba irin wanda muka saba ba. Ruwa ya zo a makare, aka yi shuka ta ƙone, aka sake, sannan ya ɗauke tun gero na bununi. Duk wanda ka gani a gajiye yake, har dabbobi. Shekarar ce kuɗin man fetur ɗin nan da ake ta labari suka fara ja da baya, sabulu da madara sai an bi layi a Kankiya, wani lokaci a bi layin a dawo hannu biyu. A cikin wannan hali Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, ran wata Laraba da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan rubuta sunanshi ba. Ban taɓa faɗinshi da bakina ba yana raye, ba kuma zan bar alƙalami ya yi abin da baki bai yi ba. Baba muke ce mashi a gida. A waje kuwa Helma, don shi ne shugaban leburori lokacin da aka yi titin da ya tashi daga Kankiya ya bi ta gefen garinmu ya nufi wajen Kusada.

Mutane sun zo ƙwarai. Tsofaffin leburorinshi suka riƙa isowa bisa kekuna daga Kafinsoli da Kusada, wasu ma ban san suna da rai ba. A cikin gida mata suka cika tsakar gida har bakin madafa. Wata tsohuwa daga Fakuwa ta kama hannuna tana kuka, ta ce shi ya ɗauki ɗanta aiki lokacin da ba su da ko abin sa wa a tukunya. Wata ta ce, "Allah ya jiƙan Helma, mutum ba faɗa ba hayaniya." Ta kusa da ita ta rage murya ta ce, "Sai dai maganar gandun nan."

"Ke, a gidan mutuwa?"

"Mi na ce? Ai ban ce komi ba. Allah na tuba."

Na ji su. Na ci gaba da zuba ma baƙi ruwa.

Baba yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baba Ƙarami. Darni kaɗai ya raba gidanshi da namu, amma shekaru sun shuɗe ba su yi ma juna ko sannu ba. Ya zo sallar gawa, ya tsaya a sahun baya. Da liman ya ce duk wanda mamaci ya yi ma ba daidai ba ya dubi Allah ya yafe, jama'a suka amsa da mun yafe. Maigidana ya ce shi bakin Baba Ƙarami yake kallo, kuma bai motsa ba. Daga maƙabarta ya wuce gidanshi. Wurin da ya kamata ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, tun da shi ne babba yanzu, ya zauna ba kowa. Duk baƙon da ya zo sai ya waiga ya ce, "Ina ƙanen marigayin?" A ce mashi ba ya jin daɗi.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ran bakwai ake naɗe tabarmi. In aka naɗe su bai zauna ba, to Baba ya kwanta ke nan da haƙƙin ɗan'uwanshi ba a yafe ba, yaranmu da nasu kuma su gaji gaba tun ba su san mafarinta ba.

Ni ba mai ilimi ba ce. Ajin yaƙi da jahilci na yi, da goyo a bayana, kuma Baba ne ya tsaya mani na shiga lokacin da ake cewa mi matar aure za ta yi da boko. Cewa ya yi, "Ku bar ta ta koyo, ko ba komi ta riƙa karanta mamu takardar magani." To ga shi yau da hannun da ya sa aka koya ma rubutu nake rubuta shi, don jikokinshi su san ko wane ne, kada su tashi da rabin labari.

Baba ya yi yawo tun yana saurayi. Ya yi haƙar kuza a Jos, ya yi ci-rani har ƙasar Gwanja, ya dawo ya yi aikin hanya na En'e tun kafin a ba da mulkin kai. Can ya tsinci Turancinshi, irin na bakin aiki, da ɗan yaren mutanen Gana. Shi ya sa da kamfanin titi ya zo ya kafa yadi, wato sansanin aikinshi, a bayan gari, aka nemi wanda zai riƙe leburori ya kuma yi tafinta, kowa ya nuna shi. Ni kuma ya sa aka ba ni dafa abincin rana, ni da wata gwaggon maigidana. Rumfar girkinmu zana ɗaya ce ta raba ta da rumfar da manyan aiki ke taro. Duk abin da zan faɗa da kunnena na ji shi, wani kuma ta ɓular zana na gani.

Aikin ya tara mutane iri-iri. Akwai babban injiniya, Bature, leburori na ce mashi Mai Agogo don ba ya magana bai dubi hannunshi ba. Akwai Ba'indiye mai awon hanya, siriri mai sanyin murya, ba ya cin nama ko kaɗan, sai na riƙa ware mashi tashi miyar tun kafin in zuba ƙashi. Akwai Bamisire mai kula da kwalbatoci, ƙato, ana jin dariyarshi daga bakin kasuwa. Sai magina 'yan Gana da tsohonsu, waɗanda duk barkonon da na zuba sai sun ce, "Mama, yau ba ki sa yaji ba?" Sannan namu, leburori.

Baba ya kan ce aikinshi ba ɗaukar tsakuwa ba ne, ɗaukar magana ne, kuma magana ta fi tsakuwa yanka hannu. In Bature ya fusata ya yi ta zuba faɗa har wuyanshi ya yi ja, sai Baba ya juyo ya ce, "Ya ce sannunku da rana, a ɗan ƙara hannu."

Ran nan wani lebura ya ce, "Helma, duk wannan jijiyar wuya ta sannu ce?"

Ya ce, "Haka tasu sannun take. Ƙasarsu sanyi gare ta, sai sun yi ihu jini ke motsawa."

In su kuma suka yi ma Bature habaici, ya tambaya mi suka ce, sai Baba ya ce suna mamakin ƙoƙarinshi ne.

Baturen nan ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Duk ran Litinin da safe sai ya tara manyan aiki da dattawan leburori a rumfa, kowa bisa benci, ya ce a faɗi ra'ayi ba tsoro. Ya ce a ƙasarsu lebura na iya duban shugaba ya ce ka yi kuskure, kuma da zuciya ɗaya yake faɗi. In an gama sai ya ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. Baba ya kan ce, "Mutumin kirki ne. Sai dai yana jin in ya buɗe ƙofar gaba, kowa ta nan zai shigo."

Ai kuwa ba mai shiga ta nan sai Bamisire. Shi zai buga tebur, ya yi rantsuwa, ka ce yanzu za a dambace, an tashi kuma ya rungume abokin faɗan ya ja shi shan shayi. Ba'indiye ko za a yanka shi ba zai ce ma na gaba da shi a'a a cikin mutane ba. Sai ya karkaɗa kai ya yi murmushi, bayan an watse ya laɓaɓo wurin Baba ya ce awon nan fa ba zai yi ba. 'Yan Gana ba su amsa magana nan take, sai su ce za su je su dawo, su kewaya bayan injin kwaɓa siminti su yi tasu shawarar, tsohonsu ya kawo amsa ɗaya. Namu kuwa bakin Baba suke kallo. Babba na zaune, wa zai riga shi?

Saboda haka tun ran Asabar Baba ke fara taron Litinin. Ya bi kowa inda yake, ya gaishe shi irin gaisuwar da yake so, ya zauna kamar hira ta kawo shi, har ya ji abin da ke ranshi. Ran taro sai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce kaza, an kuma ce kaza." Ba a san wa ya ce ba, ba wanda ya ji kunya, magana kuma ta isa. Bature ya yi ta murna taronshi na aiki. Baba bai taɓa gaya mashi ba.

Akwai abin da ba na mantawa. Waya ta zo ma Ba'indiye cewa mahaifiyarshi ta rasu can ƙasarsu, har an yi abin da suke yi, ba halin ya je. Ya shiga ɗakinshi ya rufe. Bature ya ce a ƙyale shi shi kaɗai, haka ake yi ma mai baƙin ciki. Baba ya ce, "Shi kaɗai? Sai ka ce wanda ya yi sata?" Da aka tashi aiki ya kwashi leburori, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin, suka zazzauna. Mutumin ya leƙo a tsorace ya tambayi Baba mi suke so.

"Ba su son komi."

"To mi zan yi masu?"

"Ba ka yin komi. Hito ka zamna."

Ya fito ya zauna a tsakiyarsu. Ba mai jin yaren wani, ba a kuma nemi a ji ba. Kwana uku suna zuwa. Ran na ukun na kai mashi wake da shinkafa da man gyaɗa, ya karɓa da hannu biyu, hawaye na ɗiga cikin kwanon.

Haka Baba yake. Ya roƙa ma wanda matarshi ta haihu hutu, ya roƙa ma wanda ya makara, ya roƙa ma direban da ya kayar da kaya. Ban san mutum ɗaya a yadin nan da bakin Baba bai taɓa yi ma aiki ba.

Sai awo ya iso gefen garinmu. Hanya biyu aka fitar a taswira. Ɗaya ta miƙe sak ta ratsa tsakiyar wata babbar gona. Ɗayar ta kewaya ta wani faƙo da ba a nomawa, ta fi tsawo, sai an ƙara kwalbati. Gonar nan gandun gidanmu ce, wadda Baba da ƙanenshi suka gada, suke nomawa tare, ake zuba amfaninta a rumbu ɗaya, ake ci daga tukunya ɗaya. Ita ta riƙe gidan.

A wurinmu mutum mai mutunci ba ya roƙa ma kanshi. Ko aure, ko sarauta, ko rangwame wurin hukuma, wani ke faɗa maka, kai kana gefe ka sunkuyar da kai. Balle a ce an ba ka amanar mutane sannan ka yi amfani da ita ka kare gonarka. Wannan makon Baba ya yi zagayenshi yadda ya saba, ya ji ƙorafin kowa, bai ce uffan a kan gona ba. Ya ɗauka ba sai ya ce ba. Ba'indiye ya san mai gonar, shi ya yi awo, ya ga yaran gidanmu a ciki. Tsohon 'yan Gana ya sani. Dattawan leburori kuwa ba a magana.

Ran Litinin ina tankaɗe a bayan zana. Al'adar Baba ce ya faɗi kowace magana sau biyu, da Turanci da Hausa, don kowa ya ji. Bature ya shimfiɗa taswira ya yi bayani, sannan ya dubi Baba ya ce gonar wa ce.

Baba ya ce, "Ta wasu bayin Allah ce."

Bature ya sake magana mai ɗan tsawo. Baba ya fassara, a hankali, ba ƙari ba ragi: "Ya ce shi ba ya son cutar da kowa. Ya ce in mutum ɗaya a cikinmu ya ce a kewaya, to za a kewaya ta faƙo."

Na ajiye rariya na sa ido a ɓular zana. Na ga Baba yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi Ba'indiye, shi kuma ya dubi Baba yana jira ya ji "an ce" kamar kullum. Ya dubi Bamisire, wannan ya ɗaga kafaɗa ya ce miƙaƙƙiyar ta fi sauƙi. Ya dubi tsohon magina, tsoho ya dubi ƙasa. Ya dubi dattawanmu, su kuma bakinshi suke kallo. Bature ya ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. Baba ya fassara wannan ma. Ba hannun da ya tashi. Bature ya dubi agogo, ya naɗe taswira.

Ran nan Baba bai ci abinci ba. Ya zo bakin rumfarmu ya ce, "Ɗiyata, ba ni ruwa." Na durƙusa na miƙa mashi. Ya sha ya koma bakin aiki.

Da aka kafa turaku masu jan fenti a cikin gandu, Baba Ƙarami ya shigo gida ko sallama bai gama ba. Muna tsakar gida duka.

"Yaya, da kai aka yi wannan?"

"Da ni aka yi."

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Ka yi magana?"

"Ban yi ba."

Duk amsoshin gaskiya ne, kuma su suka kashe gidan. Baba Ƙarami ya ce, "To Allah ya bar ka da Turawanka." Kafin katafila ta gama tuge kututturan gonar ya ja darni a tsakiyar gida, ya fasa tashi ƙofa ta gabas. Aka raba rumbu, aka raba tukunya. Gari ya ɗauka Helma ya ba da gadon ubanshi don ya ƙara shiga wurin Bature. Dattawan da ke rumfar ran nan kuwa, kunyar nasu shirun ta sa suka bar maganar yadda take.

Sai bayan an zuba tsakuwa Bature ya ji ko gonar wa ce. Ya zo har bakin rumfar girki inda Baba ke alwala, fuska ja wur. Wannan karon ba wanda ya fassara mani, daga baya gwaggo ta matsa ma Baba ya faɗa mamu. Wai cewa ya yi, "Don mi ba ka gaya mani ba? Na tambaye ka a gaban kowa!"

Baba ya ce, "Shi ya sa."

"Na ce ko mutum ɗaya!"

"Ni ba na cikin ɗayan. Da wani ka tambaya, a bayan idona."

Bature ya riƙe kai ya ce shi ba zai taɓa gane ƙasar nan ba. Bamisire ya zo yana faɗa kamar zai yi kuka, ya ce a garinsu wanda za a taɓa ma ƙasa ihu yake har unguwa ta taru, shi da ya ga Baba shiru ya ɗauka so yake. Tsohon magina ya ce sun yi shawara tun ran Lahadi, suka ga mai abu na cikin ɗaki, ba a tsallake kan mai abu a yi magana. Ba'indiye kuwa ya daina haɗa ido da Baba har aikin ya ƙare. Kowa ladabi ya yi, irin wanda uwarshi ta koya mashi. Ladabin ne ya taru ya cinye gonar.

Ba zan ce Baba ba ya da laifi ba, don ya hana ni ƙarya yana raye. Akwai taurin kai cikin kunyarshi. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, na kai mashi fura na tsuguna daga nesa na ce, "Baba, da an gaya ma Baba Ƙarami yadda aka yi."

Ya ce, "A ce mashi mi? Ya tambaye ni na ba shi amsa."

"Ba a gaya mashi dalili ba."

"In na bi shi ina ba da dalili, roƙon da ban yi gaban Bature ba shi zan yi gaban ƙanena? Bari, ɗiyata. Wanda ya san ni ya san ni."

Tsohon magina, wanda ya zauna Kankiya yana gini bayan kamfani ya tashi, ya nemi ya je ya yi bayani. Baba ya hana shi, shi kuma ba ya tsallake mai abu. Yakan zo ran kasuwa su zauna bakin titin su yi ta kallon motoci, ba su cika magana ba. Farkon shekarar nan da aka ce baƙi su bar ƙasa, ya ɗaure kayanshi ya zo sallama. Baba ya raka shi har bakin kwalta. Da ya dawo ya ce, "Sauran ni." Tun daga nan jikin ya fara ƙi.

A ciwonshi na ƙarshe ni ke kai mashi kunu. In aka yi tari a bayan darni sai in ga ya dakata da sha yana saurare. Ba ya tambaya. Sai tarin ya lafa ya ci gaba.

Ana gobe bakwai, bayan la'asar, na sami maigidana a ɗaki ya dawo daga karɓar gaisuwa, ya gaji har ba ya son magana. Na ce mashi gobe za a naɗe tabarmi.

Ya ce, "Na sani."

"Ba za ka shiga wurin Baba Ƙarami ba?"

"Na shiga shekaranjiya. Ya amsa gaisuwa ya juya mani baya. In ce mashi mi? Ina Kaduna aka yi abin nan, ban gani ba."

"Ni na gani."

Ya dube ni. Ya ce, "Ke suruka ce. Ko ido kin taɓa haɗawa da shi? Kuma shi mai abin ya ce a bari."

Na ce, "Ya ce shi ba zai roƙa ma kanshi ba. Bai ce kada wani ya roƙa mashi ba."

Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba. Ya ɗauki buta ya fita.

Da gari ya waye, bayan na sallame salla, na yafa mayafi na fita ta ƙofarmu na kewaya ta gabas. Rabona da ƙofar nan tun ana fasa ta. Na yi sallama. Matarshi, wadda muke ce ma Inna, tana hura wuta. Shi yana zaune bisa buzu a ƙofar ɗakinshi da carbi, ya rame ƙwarai. Na durƙusa kusa da murhu, na ba shi gefe, na gaida Inna, na ce ta gaishe mani da Baba Ƙarami. Sannan na ce, "Inna, magana na kawo. Ke zan gaya mawa."

Ta saci kallon mijinta. Ya ci gaba da jan carbinshi. Ta ce, "Ina jin ki."

Na faɗa mata duka, da muryar da zai ji. Hanya biyun da aka fitar, da abin da Bature ya ce, da yadda Baba ya fassara da bakinshi cewa mutum ɗaya ya isa, da yadda ya bi fuskokin mutanen da ya sha roƙa mawa yana jira. Na faɗi yadda ya wuni ran nan bai ci komi ba sai ruwa. Na faɗi tarin da yake saurare. Wutar Inna ta mutu ba ta lura ba.

Carbin ya tsaya. Can ya ce, "Tambaye ta. Ba wanda ya buɗe baki? Duk cikarsu?"

Na ce, "Inna, ko ɗaya."

"Har su wane da ya yi ma hanyar aiki?"

"Inna, har su."

Da ya sake magana muryar ba tashi ba ce.

"To ni mi ne amfanina? Don mi Allah ya yi mashi ƙane? Da ya aiko yaro ya ce in zo, wallahi da na shiga rumfar nan na yi masu rashin kunyar da ba su taɓa gani ba. Shi ya yi ta kunyarshi. Ai aikina ne." Ya sa hannun riga ya rufe fuska. "Mutum sai girman kai. Tun muna yara haka yake."

Inna na kuka, ni ma haka. Ban ji ya ce ya yafe ba, ba zan rubuta abin da ban ji ba. Abin da ya ce shi ne, "Ce mata ta tashi hakanan. Ke kuma ɗauko mani farar rigata."

Na tashi na kewayo gida. Mutane ba su fara taruwa ba tukuna. Na ɗauki tsintsiya na fita ƙofar gida tun maza ba su fito ba, na share wurin nan da ya kwana shida ba kowa, na kakkaɓe tabarmar na gyara mata zama, sannan na koma ciki na hau dakan gumbar sadaka.